Shekara nawa doka ta yarda a ajiye mutum a gidan yari ba a yanke masa hukunci ba?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Lauyoyin gidan nan da waɗanda suka san harkar kotu, ku taimaka mana da haske. Idan an kama mutum ana zarginsa da laifi, iyakar kwana nawa doka ta yarda a ajiye shi kafin a yi masa shari'a? Na ji wani a rediyo yana cewa awa 24 ne. To amma a unguwarmu akwai yaron da aka kwashe a samame, azumi uku ke nan yana ciki, kuma uwarsa ta ce ko shaida ɗaya ba a taɓa kira ba. Duk zama sai a ce ana jiran shawara. Shawarar wa?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Awa 24 a takarda. A ƙasa kuwa, sai ranar da Allah ya haɗa ku da wanda ya san wani.

Lauyan Bakin Kotu:
Baban Sadiq, wanda ka ji a rediyo bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya faɗa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu. Wannan na zaman bayan kanta ne a hannun 'yan sanda. Sashen ya ƙara da cewa idan mutum ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. Amma da ka gangara ƙasa kaɗan za ka ga an cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, irin kisan kai da fashi da makami. To nan ramin yake.

Ga yadda abin ke tafiya. 'Yan sanda su rubuta fashi da makami a takardar ƙara, su kai mutum gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron wannan laifi, na babbar kotu ne. Ba zai tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba, belin ma ya fi ƙarfinsa. Abin da zai yi kawai ya ce a kai shi ajiya gidan yari, a tura kundin bincike ma'aikatar shari'a. A can lauyoyin gwamnati na ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki, za su duba su ce ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu, ko a sallame shi. Ita ce shawarar da uwar yaron ke ji ana ambata. Daga nan ɗan sanda zai ce ai na kai shi kotu, na fita. Majistare ya ce ba hurumina ba ne. Gidan yari su ce mu ajiya aka ba mu. Ma'aikata ta ce fayil bai iso ba. Kowa da gaskiyarsa, shi kuma yana ciki.

Direban Tifa:
Tsaya Barista. Ke nan idan mai rubuta ƙarar ya ga dama ya mai da ƙwacen waya fashi da makami, an gama da kai?

Lauyan Bakin Kotu:
Muddin aka ce akwai wuƙa a zancen, ko da gora ce, doka na kallonsa fashi da makami. Ba sai da bindiga ba. Shi ya sa kalmar da aka rubuta ranar farko ta fi komai nauyi, kuma ranar ce yawancin iyaye ba su da lauya, suna can bakin caji ofis suna roƙo.

Ɗalibar Shari'a:
Yallaɓai, ina neman afuwa, amma ai an gyara wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Jonathan ya sa wa hannu dab da saukarsa, ta ƙayyade ajiyar majistare. Kwana 14 da farko. In an kawo dalili a ƙara 14. Daga nan kotu ta kira antoni janar ko shugaban 'yan sanda su zo su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin, a ba su 14, sai kuma 14 na ƙarshe. Kwana 56 ke nan duka. Ita ma shawarar DPP an ce ta fito cikin kwana 14 da karɓar fayil. Kaduna ta yi tata dokar a 2017, Kano a 2019, kowace da ɗan bambancinta.

Lauyan Bakin Kotu:
Ƙanwata, kin karanta daidai, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Amma lura da kalmar "da karɓar fayil". In fayil bai bar teburin ɗan sanda ba, agogon ma'aikata bai fara juyawa ba. Sannan ki nuna min majistaren da zai ɗauki alƙalami ya saki wanda aka rubuta wa kisan kai don kwana 56 sun cika. Gobe a ce ya karɓi kuɗi. Ɗage zama ya fi masa kwanciyar hankali. Tun a 2007 Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan ajiya a shari'ar Lufadeju da Johnson. Sikiru Alade kuwa, majistare a Legas ya tura shi ajiya a 2003, bai fita ba sai da kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2012. Shekara tara ba a kai shi kotun da ke da hurumi ba.

Abu Hanan:
Don a san girman abin: alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na 'yan shekarun nan suna nuna mutum wajen dubu 80 a tsare a faɗin Najeriya, sama da dubu 50 daga ciki masu jiran shari'a ne. Wato kusan biyu cikin kowane uku kotu ba ta ce sun yi laifi ba.

Tsohon Gandiroba:
Ni a ciki na ci abinci har na yi ritaya, bari in faɗa muku abin da na waje ba ya gani. Wanda aka yanke wa hukunci ya fi ɗan jiran shari'a morewa nesa ba kusa ba. Shi ya san ranar fitarsa, in ya kiyaye doka ma shekararsa wata takwas ce. Yana fita aiki, yana shan iska, yana koyon ɗinki ko kafinta, wasu har jami'ar karatu daga gida suke yi. Ɗan jiran shari'a kuwa ba a sa shi aiki, tunda a doka ba mai laifi ba ne. To sai zama. Ɓangarensu ne ya fi cunkoso. Na ga ɗakin da ake kwanan gefe, in za a juya sai shugaban ɗaki ya yi magana a juya tare. Sabon zuwa kusa da bokitin bayan gida ake ba shi wuri. Ga ƙazwa, ga kuɗin cizo, in tari ya shiga ɗaki sai ya zagaye kowa.

Abin da ke hannunmu takardar ajiya ce kawai, da kwanan watan da za a mai da mutum kotu. Ranar ta zo, mota ɗaya ce, kotuna sun fi goma, wata rana ba mai. In ba a kai shi ba, alƙali ya kira ƙara ba kowa, wani lokaci sabuwar ranar ba ta iso mana. Daga nan ya zama marar rana. In ka ji an ce wane ba shi da rana, to an manta da shi ke nan. Na san wani dattijo Bafillace da ya daina tambaya gaba ɗaya, in aka zo kiran sunayen masu zuwa kotu sai ya juya ya fuskanci bango.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, abincin fa? Da gaske ne gabzar nan da ake faɗa?

Tsohon Gandiroba:
'Yata, a da naira 750 ake ware wa mutum ɗaya a yini, sai a 2024 aka mai da shi 1,125. Safe, rana, dare, har da ribar ɗan kwangila. Ke da kike cefane ki yi lissafin da kanki.

Ummu Khairat:
Duk na karanta, kuma ina tausaya wa wanda aka zalunta. Amma kuna magana kamar duk na ciki waliyyai ne. An kashe min ƙane a kan babur ɗinsa. Aka kama mutum biyu, ɗaya ya samu beli, bai yi wata da fita ba ya zo ya tsaya a bakin layinmu yana kallon gidanmu. Maƙwabcin da ya ga abin da idonsa ya ce shi ba zai ƙara zuwa kotu ba, yana da 'ya'ya ƙanana. Ku faɗa min, in an saki kowa bayan kwana 56, mu ina za mu sa kanmu?

Sufeto Mai Ritaya:
Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Barista kuma na ga ka ɗora mana kaya, to ka ji namu. Mai bincike ɗaya za ka same shi da fayil tuli, ba a ba shi kuɗin takarda ba balle na mota. Kafin a tura fayil ma'aikata sai an yi kwafi, sai an haɗa rahoton likita in kisa ne. Wa zai biya? Mai ƙara in ya ga an kai mutum gidan yari, a wurinsa shari'a ta ƙare, ba ka ƙara ganinsa. Ana cikin haka a yi wa mai binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Ranar da kotu ta neme shi ya ba da shaida, da aljihunsa zai zo. Ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, akwai masu cika tuhuma don a zo a same su. Amma ko mala'ika ka ajiye a kujerar nan ba kayan aiki, fayil zai kwana.

Direban Tifa:
Yallaɓai Sufeto, ba kuɗin kwafi amma akwai kuɗin fita samame? Hmm.

Basakkwace:
Ni kau abin da ka ban haushi shi na sharuɗɗan beli. A ce ka kawo babban ma'aikacin gwamnati da takardar gida cikin birni. Talakan ƙauye ina za shi samo su? An ba ka beli kuma kana nan ciki, ina amfaninai? Akwai waɗanda anka kai don rigimar gona ko bashi, ba kisa ba fashi, rashin mai tsaya musu ɗai ya aje su.

Ɗalibar Shari'a:
Bashi ma dokar 2015 ta hana a kama mutum a kansa, haka ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Kuma ta faɗa ƙarara cewa mace na iya tsaya wa mutum beli. Iyaye mata da yawa ba su san wannan ba, sai a kore su a ce su nemo namiji.

Gaskiya Ɗaya Ce:
Ku daina cewa talaka kawai. Manjo Hamza Al-Mustapha an kama shi a 1998, ba a yanke hukunci ba sai 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2013. Sambo Dasuki daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019, kotuna na ba da beli ana ƙin bi. Sheikh Zakzaky an kama shi Disamban 2015, kotun tarayya ta ce a sake shi a 2016, bai fita ba sai da babbar kotun Kaduna ta sallame shi a Yulin 2021. Waɗannan ba su rasa lauya ba.

Abu Hanan:
Nasu daban ne malam. Su gwamnati ce ta san da zamansu ta ƙi sakinsu, kullum suna jarida. Wanda ake magana a nan ba wanda ya ƙi sakinsa, ba wanda ya san yana nan ne.

Gaskiya Ɗaya Ce:
To yaran zanga-zangar Agustan 2024 fa? 'Ya'yan talakawa ne daga Kano da Kaduna, kusan wata uku a tsare. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai su kotun tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi, aka sa belin naira miliyan 10 kowane. Da bidiyon ya zagaya duniya, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ce a sake su. Ashe in an so ana iyawa. Amma ku 'yan jam'iyya ba za ku faɗa ba.

Abu Hanan:
Wace jam'iyya kuma? Sunayen da ka lissafa da kanka sun ratsa gwamnatin soja da PDP da APC.

Shugaban Zaure:
Don Allah a bar siyasa. Baban Sadiq tambaya ya yi a kan yaron unguwarsu, a taimaka masa da abin yi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada. Jandarma ko komsariya na riƙe mutum awa 48, ana iya ƙarawa. In laifin babba ne sai a ba alƙali mai bincike, fayil na hannunshi, ko ba komi kun san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Amma kar ku ce mun tsira, fiye da rabin mutanen gidajen kasonmu jiran shari'a suke, na Yamai ya cika ya batse. Bazoum ma tun 26 ga Yuli 2023 aka tsare shi, kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta ce a sake shi a Disamban shekarar, ba a saka ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
A Gana tun 2007 aka fara wani shiri, alƙalan babbar kotu su kwashi takardunsu su je su zauna a cikin gidan yari, kamar na Nsawam, a kawo masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya. Wani a ba shi beli, wani a sallame shi nan take. Da can kusan kashi 30 cikin ɗari na fursunoni masu jira ne, yanzu sun yi ƙasa da kashi 15. A 2016 kuma Kotun Ƙoli ta ce babu laifin da za a ce sam ba a belinsa, alƙali ne zai duba. Ba a gama gyarawa ba, amma an ga bambanci.

Maman Ilham:
Mu ma ai minista ya saki mutum dubu huɗu kwanakin baya, ko?

Lauyan Bakin Kotu:
An yi haka a Nuwamban 2023, ministan cikin gida Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara. Aikin alheri ne, amma waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne suka kasa biya. Mai jiran shari'a ba shi da tarar da za a biya masa. Abin da ya yi kama da na Gana a wurinmu shi ne ziyarar babban jojin jiha gidan yari, yana da ikon sakin wanda zamansa ya wuce ƙa'ida.

Baban Sadiq, ga abin da za ku yi. Ku je kotun majistaren ku karɓi lambar ƙarar a wurin magatakarda, ku ga ainihin laifin da aka rubuta. Da lambar ku je ma'aikatar shari'a ku tambaya ko fayil ya zo. Sau da yawa a nan za a gane ko bai taɓa zuwa ba, ko shawarar ta fito tuntuni tana kwance ba wanda ya kai kotu. Ku je ofishin hukumar ba da tallafin lauya kyauta, tana kowace jiha, ko reshen ƙungiyar lauyoyi. Lauya zai iya neman beli a babbar kotu ko da laifin na kisa ne. Dokar tarayya ta lissafa jinkirin da ya wuce shekara ɗaya cikin dalilan da alƙali zai duba, sai a ga abin da ta jiharku ta ce. Zai kuma iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi. Sannan ku rubuta wa babban joji takarda, ku ba jami'in walwala na gidan yarin kwafi, don sunansa ya shiga jerin ranar ziyara. Kada ku ba kowa kuɗi a bakin kotu don ya ce zai fito da fayil.

Baban Sadiq:
Allah ya saka da alheri Barista. Uwar ko lambar ƙarar ba ta da ita, ranar zama kawai take zuwa ta zauna a waje. Zan raka ta.

Malam Na Tsangaya:
Ƙa'idar shari'ar Musulunci ita ce hujja tana kan mai da'awa. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsare wani mutum a kan tuhuma sannan ya sake shi, don haka malamai suka halatta tsarewar bincike, amma gajeriya. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid cewa ya umarci gwamnoninsa su riƙa duba lamarin mutanen kurkuku a kai a kai, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sake shi, kuma a ciyar da su daga baitulmali. Ina faɗar wannan ne don kotunanmu na shari'a ma suna tura mutane ajiya, kada mu ɗauka na turawa ne kaɗai ke da wannan ciwo.

Tsohon Gandiroba:
Akaramakallahu, ka tuna min wani abu. Yaran da aka kawo kan ƙaramin laifi, tsofaffin ɗaki ne ke ba su shawara: in ka koma kotu ka ce ka aikata, a ba ka wata shida ka fita. In ka tsaya kan gaskiyarka, za ka shekara ana ɗage zama. Da yawa sun bi shawarar, kuma ban iya ce musu kada su bi ba.

Ɗalibar Shari'a:
Subhanallah. Alhali sashe na 35 ɗin nan ya ce kada zaman jira ya wuce iyakar ɗaurin da laifin ke ɗauke da shi. Ga kuma hutun kotu na shekara, ga yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021 da ya ci wata biyu. In aka yi wa alƙali ƙarin girma ana tsakiyar shari'a sai a faro daga farko, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2020 a shari'ar su Orji Kalu.

Direban Tifa:
To in mutum ya yi shekara biyar aka ce ba shi da laifi, wa zai biya shi? Matarsa ta tafi, sana'a ta mutu.

Lauyan Bakin Kotu:
Tsarin mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Sai ka sake shigar da wata ƙarar. In ka ci, taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin antoni janar, wato lauyan waɗanda ka kayar. Yawanci wanda ya fito ko hanyar kotu ba ya son ya ƙara bi. In kuma an same shi da laifi, ana lissafa zaman da ya yi a cikin ɗaurin.

Ummu Khairat:
Har yanzu ba wanda ya amsa min tawa. Kuna ta lissafin kwana 14 da kwana 56. Wanda ya rage a ciki cikin mutum biyun nan, shi ma jiran shari'a yake, mu ma ita muke jira. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta ji hukunci ba.

Lauyan Bakin Kotu:
Hajiya, ba ni da amsar da za ta sanyaya miki rai. Amma ku ma kuna da damar bin fayil ɗin a ma'aikata, kuma lauyanku zai iya zama a kotu yana sa ido a madadin iyali. Wanda ya zo bakin layinku kuwa, a sanar da mai gabatar da ƙara a rubuce, barazana ga shaida dalili ne na soke beli.

Sufeto Mai Ritaya:
A rubuce ɗin nan shi ne magana, kuma ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Direban Tifa, na ga habaicinka na samame, zan dawo kanka bayan la'asar.